Wa ya zuba wa motar mai? Labarun talabijin da karkarar Damagaram

Ranar 3 ga watan Satumba na shekarar 2024, bayan ruwan sama mai yawan gaske, tsohon masallacin unguwar Birni ta Zinder, wanda aka gina da ƙasa tun ƙarni na 19, ya rushe. Hoton faɗuwarsa ya zagaya duniya, kuma ta wayar salula ya fi zagayawa, daga hannu zuwa hannu. Masallacin sananne ne, yana tsakiyar birni, kusa da fadar Sarkin Damagaram, saboda haka ba a rasa mai ɗaukarsa ba. Amma damanar da ta kada shi ta kada ɗakuna da rumbuna a ƙauyuka da dama na jihar, kuma tambayar da ta sa muka ɗauki alƙalami ita ce: waɗannan, wa ya ɗauki hotonsu, kuma da wane sharaɗi hoton ke isa cikin labarun dare?

Don kada maganar ta tsaya a sama, mun zaɓi wuri guda mu riƙa auna ta da shi, wato Guna, komin ɗin karkara da ke cikin yankin Mirya, ba nisa da Zinder. Ba don wani abin mamaki ya faru a can muka zaɓe ta ba. Mun zaɓe ta ne don ita ce irin wurin da akasarin ƴan Nijar suke zaune: manoman hatsi da wake da gujiya, masu kiwo, masu lambu inda ruwa ke kusa, ƴan ci-rani masu zuwa Nijeriya ko Libiya su komo. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna jihar Damagaram ta fi kowace jiha yawan mutane, sama da miliyan 3 da rabi, alhali Yamai ba ta wuce miliyan 1 da kaɗan ba. Duk wanda ya saba kallon labarun talabijin na ƙasar nan ya san cewa a kan allo lissafin a juye yake. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, wannan juyewa ba daga lalacin ƴan jarida ta samo asali ba, daga hanyar da kuɗi ke bi su shiga gidajen talabijin ta samo shi, kuma hanyar ta bar tambarinta har cikin ginin rahoton kansa, da jerin hotunansa, da irin Hausar da ake karanta shi da ita.

1. Daga allon makaranta zuwa bakin gwamnati

Talabijin ya shigo Nijar ta ƙofar makaranta. A shekarar 1964 aka fara gwajin koyar da yara ta talabijin a wasu makarantu, da taimakon Faransa. An kafa hukumar ORTN a 1967, amma sai a ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kountché da kuɗin uraniyom, aka sami Télé Sahel a matsayin tashar ƙasa. Gwamnatin wancan lokaci ta san abin da take so da ita. Ta kafa turakun isar da hoto zuwa jihohi, ta kuma rarraba akwatunan kallo na jama'a, waɗansu masu aiki da hasken rana, inda mutanen gari ke taruwa da dare a dandali. Manya da yawa a ƙasar Damagaram a irin wannan dandali suka fara ganin talabijin.

Ba za mu yi wa wannan zamani kwalliya ba. Labarun na shugaba ne: ya tashi, ya sauka, ya karɓi baƙo, ya kai ziyarar ba-zata, ya yi faɗa. Talaka yana fitowa ne a matsayin mai tarbo ko mai aikin gayya na samariya. Sai dai akwai abu biyu da ya kamata a riƙe. Na farko, tun da gwamnati ce ke biyan komi, kuma tana son a ga hannunta ya kai ko'ina, mota da na'urar ɗaukar hoto suna shiga karkara ba tare da an tambayi mutanen ƙauye ko dala ba. Na biyu, Zinder ba mai kallo kawai ba ce a lokacin. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta gidan rediyon Zinder, wadda sunan Yazi Dogo ya shahara a cikinta, ta cika allon ƙasa da Hausa, kuma a cikin raha ta faɗi abubuwa game da cin hanci da halin ma'aikata waɗanda mai karanta labaru ba ya iya faɗi. Janet Beik ta yi littafi a kan wannan wasa a 1987. Ke nan a wancan zamani gaskiyar gari ta fi samun hanya ta wasan kwaikwayo bisa ga labaru.

Da farashin uraniyom ya faɗi cikin shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu, akwatunan dandali suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya babu mai gyara. Karyewar darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994 ta ninka kuɗin duk abin da ake sayowa daga waje, kuma a aikin talabijin kusan komi daga waje yake zuwa: kaset, batir, fitila, kayan gyara.

2. Baki ya buɗe, kasuwa ba ta buɗe ba

Jaridar Haské ta Ibrahim Cheick Diop ta fito a 1990, taron ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba na 1991, aka kafa hukumar sadarwa ta CSC, gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara magana a tsakiyar shekarun 1990. Talabijin ya yi jinkiri, don ya fi tsada. Ténéré ce ta fara a shekarar 2000, ORTN ta ƙara tasha ta biyu, Tal TV, a 2001, Dounia ta zo a 2007, daga nan Canal 3, Bonferey, Saraounia, Labari, Anfani da sauransu suka biyo. In ban da ƴan kaɗan, irin su Gaskiya a Zinder, duka a Yamai suke da zama, kilomita wajen 900 daga Damagaram.

Wannan ci gaba ne, kuma ba mu raina shi ba. Lokacin rikicin tazarce a 2009, hukuma ta rufe Dounia a ƙarshen watan Yuni saboda ta watsa sanarwar ƴan adawa, kotu ta sa aka buɗe ta. A watan Maris na 2018, cikin zanga-zangar ƙin dokar kasafin kuɗi, jami'an tsaro sun rufe Labari. Gidan da ba ya faɗin komi ba a wahalar da kai wajen rufe shi. Dokar 4 ga Yuni 2010 ta cire ɗauri a kan laifin aikin jarida, kuma a 30 ga Nuwamba 2011 shugaba Mahamadou Issoufou ya sa hannu a kan sanarwar Table Mountain. Masu nazari sun yi rubutu da yawa a kan wannan fanni na ƴanci da takurawa. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne tambayar da kowane mai gidan talabijin ke kwana da ita: ƙarshen wata, ina za a samo albashi da kuɗin wuta?

A ƙasashen da tsarin talabijin na kasuwa ya samo asali, hikimarsa ita ce: tasha tana tara masu kallo, ta sayar wa ƴan kasuwa idanunsu. Wannan yana tafiya ne in akwai masana'antu da yawa masu gasar neman mai saye, kuma in mai kallon yana da abin sayayya. A Nijar masu talla na ƙwarai ana iya ƙirga su da yatsu: kamfanonin wayar salula, na aika kuɗi, na motocin sufuri, ƴan bankuna, masu jigilar alhazai in lokaci ya zo. Sama da tashoshi goma suna rububin wannan ɗan akushi. Tashar gwamnati kuwa, wadda aka sake wa suna RTN a 2022, tana da kason baitulmali da harajin da ake karɓa mata cikin takardar kuɗin wutar NIGELEC, sa'an nan ta shigo kasuwar talla ta ci tare da sauran. Akwai asusun taimakon ƴan jarida da doka ta tanada, wanda CSC ke rabawa a lokacin da take nan, amma in aka raba shi tsakanin jaridu da rediyo da talabijin, abin da ke isa kowane gida bai taka kara ya karya ba. A 2018 ma'aikatar haraji ta garƙame ƙofofin gidajen watsa labaru da dama saboda bashin haraji. Masu gidajen suka ce siyasa ce, hukuma ta ce doka ce. Ko wanne ya fi gaskiya, abin da ya fito fili shi ne gidajen ba su da abin biya. An sa hannu a kan yarjejeniyar albashin ma'aikatan jarida a 2021, amma sa hannu daban, biya daban.

To a cikin wannan lissafi, mene ne darajar mutumin Guna? Ga mai talla, kusan babu. Wajen shekarar 2020, kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a Nijar, kuma akasarinsu a birane. Mai kallon karkara yana kallo ne a rumfar mai shayi ko gidan kallo mai injin wuta, inda ƙwallon Turai da finafinan Kano suka fi labaru kasuwa. Ba a ƙirga shi, ba a sayar da idonsa, saboda haka babu dalilin ciniki da zai sa a ƙona mai a je a ji ta bakinsa.

3. Rahoton da aka saya, da yadda ake gane shi

Da talla ta kasa, sai gidajen suka koma sayar da abin da ya rage musu, wato labarun kansu. Abin da ma'aikata ke kira couverture da Faransanci, a asalinsa aikin ɗan jarida ne na zuwa inda abu ya faru. A aikace ya zama haja mai farashi. Ma'aikata ko furoje ko jam'iyya ko ƙungiya za ta yi taro, sai ta rubuta wa tasha takarda, ta biya, a turo mata mai ɗaukar hoto da mai rahoto. In taron a wajen gari yake, mai taron ne ke kawo mota, ya zuba mai, ya ciyar, ya ba da kuɗin tafiya. Ba a ɓoye ake yi ba, akwai rasit. Mu kanmu mutanen jami'a ba baƙi ba ne a wannan ciniki. Marubucin wannan takarda ya taɓa zama cikin kwamitin shirya wani taron ƙara wa juna sani, inda aka ware kuɗin talabijin a cikin kasafi kafin a ware na buga takardun da aka gabatar, kuma da dare muka zauna muka kalli kanmu muna murna.

Ga yadda rahoton ke tafiya, mai karatu ya gwada da na daren yau. Ana buɗewa da hoton ƙyallen da aka rubuta sunan taro da tambarin masu ba da kuɗi, a tsaya a kansa har mai kallo ya karance. Sai babban tebur: gwamna ko sakatarensa, prefe, magajin gari, wakilin sarki, wakilin furoje, kowa da gorar ruwa a gabansa. Sai fatiha. Sai guntun jawabin maraba, sai guntun jawabin buɗe taro, bisa tsarin girma, don in aka sa na ƙasa kafin na sama gobe za a kira shugaban tasha. Sai na'ura ta bi fuskokin mahalarta a hankali, jere bayan jere, saboda kowa yana son a gan shi a gida. A ƙarshe, in abin rabon kaya ne, sai a nuna buhu yana wucewa daga hannu zuwa hannu, a tsai da wata mata a gaban makirfo ta yi godiya. Minti biyu ko uku, an gama.

Abin lura a nan shi ne lokacin da aka ɗauki hoton. Kusan kullum ranar buɗewa ce. Ana buɗe taro, ana aza tubalin farko, ana ƙaddamar da shiri, ana yanke ƙyalle. Ranar da famfon ya lalace, ko ajin ya rasa malami, ko bankin hatsin ya wayi gari babu hatsi babu kuɗi, babu wanda zai biya a zo, don haka a idon talabijin ranar ba ta faru ba. Wanda zai rubuta tarihin karkarar Damagaram daga ma'ajiyar hotunan tashoshinmu zai sami ƙasar da kullum ake fara abubuwa a cikinta, ba a taɓa sanin ƙarshensu ba. Ƙishirwar birnin Zinder misali ce da kowa ya sani: daga Gogo da Machaya zuwa Arunguza zuwa Ganaram, kowane sabon aiki ya sami bikinsa a kan allo, jerin jarkoki a bakin famfo da tsakar dare kuwa sai mai haƙuri ya nemo shi. Haka matatar mai ta SORAZ da aka buɗe ranar 28 ga Nuwamba 2011, haka bikin 18 ga Disamba da ya zo Zinder a 2006 ya sake dawowa a 2018 da sunan Zinder Sabuwa. A irin waɗannan ranaku Damagaram tana cika allo. Washegari motocin sun koma.

Sai kuma matsayin mai magana. A rahoton da aka saya, nahawun kansa yana nuna wa ke da iko. Hukuma da furoje su ne masu aikatawa: sun kawo, sun raba, sun horar, sun wayar da kai. Mutanen gari su ne karɓau: an kawo musu, an raba musu, an wayar musu da kai. Kalmar nan ta Faransanci bénéficiaires, wadda ake juyawa a ce masu cin moriya, ta zama sunan da manomi ke amsawa a talabijin. Mutumin da ya san ranar da ruwan shuka ya sauka, da farashin tiyar hatsi a kasuwa mako bayan mako, da inda burtali ya bi kafin a cinye shi da noma, ba a tambayarsa ko ɗaya daga ciki. Ana tambayarsa ne yadda ya ji da wannan alheri. Amsar kuwa an san ta tun kafin a kunna na'ura, ga mai alherin nan tsaye a gefe.

Wani zai ce ai wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa, roƙo ne ya sake riga. Kwatancin yana da amfani, amma a ganinmu an zalunci maroƙi. Maroƙin fada ko sanƙira a wurin biki, kowa ya san matsayinsa. A bainar jama'a ake yi masa kyauta, shi da kansa yake shelar abin da aka ba shi da sunan wanda ya bayar, kuma mai sauraro ya san yadda zai auna yabon. Har ila yau maroƙi yana da zambo da habaici a aljihu, mai rowa yana tsoronsa. Haka nan sanarwar da ake biya a rediyo, ta rasuwa ko ɗaurin aure ko ɓatan dabba, ba ta yaudarar kowa, an ware mata lokacinta, an kira ta da sunanta. Aibin rahoton da aka saya shi ne yana shigowa cikin labaru da muryar labaru, a bakin mai karanta labaru, tsakanin labarin yaƙi da na farashin kaya, babu wata alama da ke gaya wa mai kallo cewa wannan an biya. Ga shi kuma ba shi da zambo. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ɗan rahoton da aka kai a motar furoje, aka ciyar, aka sallama da ambulan, ga albashinsa na wata da watanni bai fito ba, ba a sa ran ya tsaya ya tambayi inda sauran buhunan suka shiga.

Ba muna cewa babu masu ƙoƙari ba. Akwai wakilai a jihohi waɗanda ke hawa babur da kuɗin aljihunsu su ɗauko labarin da babu mai biya. Amma in hoton ya isa Yamai, a da cikin kaset a motar fasinja, yanzu ta intanet, sai ya tarar da layi: rahotannin da aka biya suna gaba, don an yi alkawarin ranar fitarsu. Wanda ba a biya ba shi ake ɗagawa zuwa gobe.

Shekarar 2005 ta nuna iyakar tsarin baki ɗaya. Bayan fari da fara na 2004, yunwa ta kama jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa. Hotunan yaran da suka rame, waɗanda suka girgiza duniya a watan Yuli na 2005, tashoshin waje ne suka ɗauke su, musamman BBC, yayin da shugaba Mamadou Tandja ke musanta cewa abin ya kai a kira shi yunwa. Ana iya sukar yadda baƙi suka nuna mu, kuma an soka. Amma gani ya kori ji, kuma wanda ya zo da man motarsa shi ya gani.

4. Hausar da aka juyo

Akwai wani fanni da ya shafi sashenmu kai tsaye. A bisa al'ada, a Faransanci ake rubuta babban labarun dare, sa'an nan a ba masu harsunan ƙasa su juya. Sau da yawa mai juyawa ba ya da lokaci, ba ya da ƙamus na kalmomin aiki, ga hoton an riga an yanka shi daidai da tsawon jimlolin Faransanci. Abin da ke fitowa shi ne Hausa mai kan Faransanci: jimla mai tsawo wadda ke farawa da jerin muƙaman mai girma kafin a kai ga aikatau, da tarin sunaye irin su ƙarfafa ƙwarewa da inganta juriya da tabbatar da ɗorewa, waɗanda babu wanda ke faɗinsu a kasuwar Mirya. Jawabin da ke cikin rahoton kuwa da Faransanci aka yi shi, ko da mai jawabin da masu sauraronsa duka Hausawa ne, saboda ba su ake yi wa maganar ba, ana yi wa wanda zai karanta rahoton furoje ne a wata ƙasa. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci harshen aiki. Wannan zai taɓa labaru ne kawai ranar da aka fara tunanin rahoto da rubuta shi cikin Hausa, a juya wa Faransanci daga baya.

Mai kallo kuwa ba ya jira. Tun da farantan tauraron ɗan'adam suka yi araha, gidajen kallo na Damagaram sun juya kudu. Arewa24, wadda ta fara watsa shirye-shirye a 2014 daga Nijeriya, da sauran tashoshin Hausa na can, suna magana da harshen da ba sai an juya ba. Sai dai labarinsu na Kano ne da Kaduna da Abuja. Mutumin Guna yana iya sanin rikicin sarautar Kano filla-filla, bai san abin da majalisar komin ɗinsa ta yanke game da harajin kasuwa ba. Abin da ya fi kusa da cike wannan giɓi shi ne rediyo, irin su Anfani da Shukura a Zinder da ƙananan gidajen rediyon karkara, don makirfo ba ya bukatar fitila da mota, kuma mai sauraro yana iya bugo waya. Su ma dai suna sayar da lokaci, ga masu wa'azi da masu maganin gargajiya da furoje.

5. Bayan 26 ga Yuli 2023

Juyin mulkin da ya kawo CNSP ya matse gidajen ta fuska biyu. Ta fuskar doka, an dakatar da RFI da France 24 a watan Agusta na 2023, an dakatar da ayyukan Maison de la Presse a Janairu 2024, an maido da hukuncin ɗauri cikin dokar laifukan intanet a Yuni 2024, an dakatar da BBC na wata uku a Disamba 2024. A Janairu 2025 aka dakatar da Canal 3 aka tsare babban editanta saboda wani shiri da ya auna ƙwazon ministoci, kafin a janye matakin bayan ƴan kwanaki. Ta fuskar kuɗi, wadda ita ce zancenmu, takunkumin CEDEAO ya sa Nijeriya ta yanke wuta har zuwa farkon 2024, kuma Maraɗi da Zinder ta layin Katsina suke sha. Tasha ba ta aiki sai da wuta, mai kallo ma haka. Daɗin daɗawa, masu ba da agaji da dama sun dakatar da ayyukansu ko an sallame su, jam'iyyun siyasa an dakatar da su sa'an nan aka rushe su a 2025, Amurka kuma ta rufe hukumarta ta USAID a wannan shekara. Waɗannan su ne manyan masu sayen rahoto. Wato tsarin da muka soka a sama, ko shi ɗin ma ƙasa tana zaizayewa a ƙarƙashinsa, kuma mai sayen da ya rage da ƙarfinsa ita ce hukuma. Mun yi tafiyar shekara talatin mun kusa komowa inda muka taso, sai dai wannan karo ba tare da akwatin dandali ba.

Wayar salula ta cike wani gurbi, kamar yadda masallacin Birni ya nuna. Saurayi a Guna yana iya ɗaukar hoton gadar da ruwa ya ci, ya tura ta WhatsApp, kafin la'asar ƴan garinsu da ke Agadas da Legas sun gani. Amma hoton ba ya da kwanan wata, ba ya da sunan wuri, babu wanda ya je ya tambayi ɗaya ɓangaren, kuma hoton ambaliyar wata ƙasa yana iya yawo da sunan Damagaram. Mai turawar kuma shi kaɗai ne a gaban doka, ba shi da edita ba shi da lauya. Tashoshin da kansu sun fara ɗaukar irin waɗannan hotuna suna sawa cikin labaru, don kyauta ne, wanda ke nufin aikin da ya fi kowane tsada, wato zuwa wurin, an sauke shi a kan wanda ba a biya.

Ba mu da maganin talaucin kasuwar talla, kuma wanda ya ce gidajen su daina karɓar kuɗin rahoto gobe, ya ce su rufe ne. Abin da muke ganin ana iya yi ba tare da an kashe ko dala ba shi ne a raba hajar da labari. Duk rahoton da aka biya, a rubuta a ƙasan allo cewa an biya, da sunan wanda ya biya, a kuma faɗa da baki cikin Hausa saboda wanda ba ya karatu, sa'an nan a tara su wuri guda bayan labaru kamar yadda rediyo ke yi da sanarwa. Masu gidajen za su ce mai saye ba zai yarda ba, don abin da yake saye shi ne a ɗauka ba a saya ba. Gaskiya ne, kuma shi ya sa gida guda ba zai iya farawa shi kaɗai ba, sai hukumar da ke sa ido kan sadarwa ta ɗora wa kowa a rana ɗaya, har da tashar gwamnati. In kuma za a ci gaba da raba asusun taimako, a ɗaura wani kaso nasa a kan adadin rahotannin da tasha ta ɗauko daga wajen manyan birane da kuɗinta.

Akwai kuma aikin da ya rage namu. Ɗaliban da ke neman batun digiri, a nan ko a Jami'ar André Salifou ta Zinder, suna iya zama wata guda su rubuta kowane rahoto na labarun dare na tasha biyu ko uku: daga ina aka ɗauko shi, wa ya yi magana, da wane harshe, daƙiƙa nawa, ranar buɗewa ce ko ranar komawa duba aiki. Littafin rubutu da agogo sun isa. Daga nan sai a ɗauki sakamakon a tafi da shi Guna ranar kasuwa, a karanta wa waɗanda aka nuna suna godiya, a tambaye su abin da suka so faɗi a ranar.